Tiya Goma ta Kaltuma

Duk wanda ya saba cin kasuwar Dogo ya san Yakuba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai furfura a gefe ɗaya na gemu, wanda ba ya iya wuce faifan dankalin turawa sai ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, ya ƙirga idanunsa, ya mayar bai saya ba. Masu talla har sun gaji da yi masa tsiya. A ƙauyensu, can cikin fadama, Yakuba Kwambitar ake ce masa, don da wannan suna mutanen wajen suka san dankalin, kuma shi ya fara kawo musu shi.

Ubansa manomin rake ne. Ya rasu Yakuba yana ɗan shekara tara, uwar kuwa ta riga shi tafiya, sai riƙon yaron ya faɗa hannun wansa Ɗan Azumi, wanda bai daɗe da yin aure ba. A gaskiya dai ba Ɗan Azumi ya riƙe shi ba, amaryarsa Kaltuma ce. Ita ta cire masa ƙwarƙwata, ita ta riƙa ɓoye masa ƙanzo, ita kuma ta zane shi ranar da ya gudu daga lakwal, wato makarantar boko, bai sake komawa ba. Mijina ƙarami take ce masa, ko mijin wahala in ya ɓata mata rai, kuma har ya yi furfura ba ta daina ba. Shi kuma bai taɓa kiranta da komai ba sai Yaya.

Yana da shekara ashirin ya hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, ya nufi Agadas. Shekara bakwai ya yi yana lebura a garkunan Abzin, a hannun wani tsoho marar yawan magana, wanda ya koya masa abu ɗaya da ya zame masa jari har yau. Tsohon yakan zazzage buhun iri a tabarma ya kasa shi uku. Mai girman ƙwan kaza shi ne iri na gaske: ido huɗu ko biyar gare shi, kowane ido ya fitar da tsiro, kuma a cikinsa akwai guzurin da zai riƙe tsiron har saiwa ta kama ƙasa. Manya-manyan a raba su biyu, a shafa toka a bakin yankan. Ƙananan kuwa, masu kamar dabino, waɗanda suka yamutse a gindin buhu, tsohon ba ya ko yi musu magana, da bayan hannu yake ture su wajen tukunya. Ido ɗaya, tsiro ɗaya siriri, kafin ya yi ƙarfi zafi ya shigo, gindi ya ba ka 'ya'ya biyu ko uku kamar an yi maka rowa.

Da ya dawo gida da buhu ɗaya a ka, dariya aka yi masa. Wai abincin nasara zai shuka a ƙasar rake. Ɗan Azumi ne ya yanka masa gefen garkarsa ya ce ya gwada, Kaltuma kuma ta ce in bai yi ba ita za ta soya mijin wahalar ta ci. Dankalin kuwa ya yi. Bayan shekara uku masu dariyar suka fara zuwa gaishe shi da safe, suna wani kame-kame kafin su kai ga maganar iri. Daga baya masu garka suka haɗa ƙungiya, suna sayo iri tare daga Damagaram duk farkon sanyi, kuma ba a yi gardama ba wajen zaɓen wanda zai riƙa rabawa. Gindin mangwaron bakin fadama, tabarma biyu, tiya ɗaya ta awo, da Yakuba. Yakan gauraya wa kowa, mai kyau da marar kyau, yadda ba wanda zai koma gida da ƙorafi. Shekara goma sha takwas yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da ko ƙwaya ba, kuma yana jin daɗin a faɗi hakan a gabansa.

Sai shekarar da Ɗan Azumi ya rasu. A tsakiyar damina ya tafi, bayan jinyar wata biyu da Kaltuma ta yi ita kaɗai. Ɗansu Nazir yana Aljeriya wajen neman abinci, 'yarsu Sakina tana gidan miji a Hamdara. Kaltuma ta fita takaba daidai lokacin dashe, ta ce garkar mijinta ba za ta kwana ba, ita za ta nome ta da hannunta. Ta san ban ruwa, ta san cire ciyawa, amma zaɓen iri ba ta taɓa yi ba, don wannan aikin maza biyun gidan ne.

Irin dankalin wannan shekara ya zo a makare, ga shi kaɗan, ga shi a cakuɗe. Maimakon tiya ashirin da kowa ya saba samu, goma-goma aka yanke. Yakuba kuwa bai daɗe da sayen injin ban ruwa ba, ya cika baki a majalisa cewa bana za a ga noma. Da ya zazzage buhunan ya ga abin da ke ciki, ya san mai kyau ba zai ishi kowa ba. Yana auna wa mutane, hannunsa na wani aiki daban: in ƙwan kaza ya zo masa, sai ya gangara gefen gwiwarsa, ƙarƙashin wani tsohon buhu. Bai ce wa hannun ya yi ba, amma bai ce ya bari ba. Sauran mutane sun sami gauraye, ba yabo ba fallasa. Kaltuma ce ta zo ƙarshe, don tana jin nauyin shiga cikin maza, ta tsaya nesa har aka watse. Abin da ya rage a tabarma tsibin ƙanana ne, sai kuma wancan na ƙarƙashin buhu.

Ta tsuguna ta ce, "Mijina ƙarami, ka san garkar yayanka faɗi gare ta. Ka ba ni wanda zai cika min ita, kar a ce ya mutu ta zama kango."

Da ya ɗaga buhun nan ya haɗe tsibi biyun ya raba, da ba a yi wannan labari ba. Bai ɗaga ba. Ya ja tiya ya auna mata ƙananan, goma cif, har da tozo a kan kowace. Ta zuba a zane tana juya su da yatsa, fuskarta ta washe, karo na farko tun rasuwar.

"Kai! Wannan ai ya fi na kowa yawa. Nawa zai ninka na shugabanmu Mahamud a ƙirge. Allah ya yi maka albarka, Yakuba. Allah ya sa 'ya'yanka su yi maka abin da ka yi min."

Ya ce amin, don ba a ƙin amsa addu'a. A hanya ya yi ta ba kansa haƙuri. Tiya tiya ce, goma ya ɗauka, goma ya ba ta. Kuma ai ita ta ce mai yawa take so. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da ya isa gida matarsa Fanta ta kwance bakin buhunsa ta leƙa, ga dankali sumul-sumul kamar an tsince shi ɗaya-ɗaya. Ta riga ta ga na Kaltuma a hanya. Ta ce, "Waccan tsakuwar da na gani a zanen Yaya, iri ne?" Ya ce ita ta zaɓa. Fanta ta ce, "To." Ba ta ƙara ba, kuma ya fi son a ce ta zage shi.

Garkunan biyu darni ne kawai tsakaninsu, don haka ba ranar da Allah bai nuna masa aikinsa ba. Nasa ya fito cikin mako biyu, kowane gindi da tsiro huɗu, biyar, kafin wata ya rufe ƙasa da ganye. Na Kaltuma ya fito ɗaɗɗaya, wani ya fito wani ya ruɓe a ƙasa, fangalin duk giɓi-giɓi. Matar nan ta yi aikin da ƙato ba zai yi ba. Da guga take jan ruwa, tana ɗauko takin awaki a kwando tun daga gida, hannunta duk ya yi kanta. Wata safiya ta leƙo ta kan darni ta ce, "Kai da ka sani, duba min, me na yi ba daidai ba?" Ya shiga ya tsuguna, ya tona gindi ɗaya kamar mai neman abin da bai sani ba, ya ce ta ƙara taki, wata shekarar haka take zuwa. Wannan ƙaryar ta fi ta farko muni, kuma ya san haka tun kafin ya rufe baki.

Daga ranar ya ja tiyon injinsa ya tsallakar da shi darni, ya riƙa ba ta ruwa kyauta. Ya sayo mata takin zamani. Sai abin ya juye masa, gari ya ɗauki yabo. Liman ya kafa misali da shi a wajen wani suna, ya ce ga yadda ake riƙon matar ɗan'uwa. Yakuba ya sunkuyar da kai, mutane suka ce kunya ce. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, har ta kai in ya hango mutum biyu suna magana a bakin fadama sai ya sake hanya.

Ranar tono ya tashi da buhu tara. Kaltuma ta tashi da biyu, na biyun ma bai cika ba, kuma 'ya'yan ba su fi iyayensu girma ba. Yana tsaye yana ɗinke bakin buhu ya ji ta tana magana ita kaɗai, tana zaune a kan kunyar shuka. Ta ce ƙasar ɗaya ce, Ɗan Azumi ya ci arzikinta shekara da shekaru. Ruwan ɗaya. Irin daga buhu ɗaya, mai rabon ɗaya, har ma ya fifita ta. To me ya rage? Ta ɗaga tafukanta biyu ta daɗe tana kallonsu.

Abin da ya biyo baya bai taɓa zuwa masa a rai ba. Shi asarar dankali ya auna, ya ce zai cike mata da buhu biyu daga nasa a wuce wurin. Ya kai, ta karɓa, ta sake sa masa albarka. Amma Kaltuma ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Mijinta a hannunta ya cika. Akuyarta ta mutu wajen haihuwa bayan ta shafa mata ciki. Ga garka. Wata mai bakin banza a rijiya ta ce ai akwai hannun da in mai gida ya tafi albarka ke binsa, ta faɗa ta wuce abinta, Kaltuma kuwa ta ɗauka ta kai gida. Ta daina dama wa mutane fura, ita da gidan biki ba ya cika sai da furarta. In za ta ba ka abu sai ta ajiye a ƙasa ka ɗauka. Duk Juma'a tana karɓo rubutu wajen malam, ta sha rabi, ta wanke hannu da rabi. Kuma ta daina ce masa mijin wahala. Malam Yakuba take ce masa yanzu, har da ɗan rusunawa, wai shi mai albarka.

Da bazara Sakina ta zo gida haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Ta haifi mace, aka sa mata Zahra'u. Wankan jego da wankan jaririya aikin Kaltuma ne, ta yi shekaru tana jiransa, har itacen dafa ruwa ta tara tun cikin yana wata huɗu. Da ranar ta zo, sai ta aiko a kira Fanta. Ita takan hura wuta, ta tsaya a bakin ƙofa hannuwanta a naɗe cikin mayafi, tana faɗa wa Fanta inda za ta gasa da inda za ta bi a hankali. In jaririyar ta yi kuka sai ta yi taku ɗaya ta ja da baya.

Fanta tana dawowa kullum ta ajiye wa Yakuba tuwo ta tashi. Ranar da aka yi arba'in, Sakina ta koma Hamdara, sai Fanta ta ajiye kwanon ta zauna a gabansa. Ta ce, "Malam, yau kwana arba'in. Ko sau ɗaya Yaya ba ta ɗauki yarinyar nan ba. Da za su tafi ta bi motar da ido, ta ce min gara ta yi kewarta da ta shafa mata abin da ta shafa wa garka." Yakuba ya wanke hannu bai ci ba.

Sau uku ya nufi gidanta da niyyar faɗa. Na farko ya ƙare da maganar ruwan sama. Na biyu ya tarar da baƙi, ya ji daɗin tarar da su. Na uku ta tare shi da godiya tun daga zaure, ta kawo masa ruwa ta ajiye a ƙasa, ya kalli moɗar ya kasa. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Shekara goma sha takwas na suna mai kyau ba ƙaramin kaya ba ne, kuma mutum yakan fi jin tausayin sunansa a kan ɗan'uwansa, ko da ba zai yarda ya faɗa ba. Haka damina ta zo ta wuce, yana rama, mutane suna cewa aiki ne.

Sanyi ya sake shigowa, iri ya zo, wannan karon mai kyau kuma isasshe. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Yakuba bai kai ga tiya ta biyar ba sai ga Kaltuma, ba a ƙarshe ba, a tsakiyar taro, tare da liman da Mahamud shugaban ƙungiya. Liman ya yi gyaran murya ya ce Kaltuma ta kira su shaida. Ba za ta karɓi iri bana ba. Garkar marigayi, da rijiyarta, ta ba Yakuba ya noma har ranar da Nazir zai dawo, ba ta son komai a ciki, don ƙasar marayu ce, bai kamata hannu marar sa'a ya kashe ta ba. Jama'a suka ce madalla, wani ya ce alheri danƙo ne.

Rijiyar Ɗan Azumi ita ce mafi ruwa a duk fadamar, kuma ƙarya ne a ce Yakuba bai taɓa kallonta da sha'awa ba. Ga ta an kawo masa har tabarma, da liman, da shaidu. Abin da ake jira kawai ya ce na gode.

Ya sa hannu a tsibin ya ɗauko ƙwan kaza ɗaya, ya lalubo ƙarami ɗaya a gindin buhu. Ya taso ya zo gabanta ya durƙusa, ya ce, "Yaya, buɗe hannunki." Ta ƙara naɗe shi cikin mayafi. Sai ya ajiye su a ƙasa tsakaninsu, ya ce wa jama'a su matso. Ya ƙirga musu idanun babban, biyar. Ya ƙirga na ƙaramin, ɗaya. Ya ce wannan ko waliyyi ya dasa shi abin da zai samu ke nan, 'ya'ya biyu ko uku, kuma shi ya san haka tun yana saurayi a Abzin. Ya ce bara ya ɓoye masu kyau ƙarƙashin buhu, ya auna mata shara, ta yi masa addu'a ya amsa. Ya ce ta tambaye shi a kan darni ya ce ta ƙara taki.

"Ba hannunki ba ne, Yaya. Nawa ne."

Mahamud ya buɗe baki, liman ya ɗaga masa hannu. Kaltuma ta daɗe tana kallon dankali biyun nan. Sannan a hankali ta fito da hannunta na dama daga mayafi, ta ɗauki ƙaramin, ta juya shi, ta sa babban yatsa a kan idon nan guda. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Dankali an ci an manta, Yakuba. Da buhu bakwai ka sata a ɗakina, da na yafe tun ba ka tambaya ba. Amma kana kallo na tsaya a bakin ƙofa kwana arba'in."

Ba ta jira amsarsa ba. Ta tsallake shi ta je tabarma, ta ɗauki tiyar da ba wanda ya taɓa sai shi shekara goma sha tara, ta tsuguna ta zaɓi nata da hannunta, ɗaya-ɗaya, tana ƙirga ido. Ta ce wa liman ta janye maganar garka. Da ta ɗaure bakin zanen ta juya wajen matan da ke tsaye nesa ta ce, "Fanta, gobe ki raka ni Hamdara." Tiyar kuwa Mahamud ta miƙa wa, hannu da hannu, kuma daga ranar ba ta sake komawa wajen Yakuba ba. Bai nema ba.

Washegari da la'asar yana zaune a bakin darni, bai dasa ko gindi ɗaya ba, ya hango Fanta tana saukowa fadama ita kaɗai. Ya miƙe tun ba ta iso ba. Zahra'u wata bakwai ke nan, ta fara zama, ta fara sanin fuskokin mutanenta.

Ya ce, "Ta ɗauke ta?"

Fanta ta ce, "Ta miƙa hannu biyu. Yarinyar ce ta yi ƙiwa, ta ƙanƙame uwarta tana ihu. Ba ta san ta ba."